Allura Na Shiga, Ido Na Tafiya

Babana gyaran keken ɗinki yake yi. Shekara arba'in da 'yan kai ya kwashe a shago ɗaya, wani ɗan tsukukun wuri tsakanin mai sayar da zare da maɓalli da wata tela maƙwabciyarsa. Ba mai kiransa da sunansa, Mai Keke kowa ke cewa, har surukansa in sun yi suɓul da baka. A shagon akwai benci guda, da teburin da mai ya jiƙa har ya koma baƙi, da gwangwanayen madara cike da notuna, sai kawunan kekuna jere a kan kanta. Ba ya rubuta sunan kowa. In ka kawo kekenka, sai ya ce ka yago ɗan ƙyalle daga abin da ka naɗo shi, ya ɗaura masa a wuya. Da wannan ƙyallen yake gane na wane ne, kuma ban taɓa jin an ce ya ba wani keken wani ba.

Ba ya fara taɓa keke da sukudireba. Zai sa mai shi ya zauna ya taka, shi kuma ya karkata kai yana saurare, can sai ya ce haƙori ne ya cinye, ko bel ya saki, ko kuwa rowar mai kake yi masa. In ya gama gyara, da kansa yake zura zare a allura, ba tabarau, ba lalube, ya ninka ƙyalle ya zuba layi ɗaya miƙaƙƙe ya miƙa maka. Wannan layin shi ne sa hannunsa. Baba ba mai fahariya ba ne, amma a kan idonsa kam yana da ita. In ya ga telan da bai kai rabin shekarunsa ba yana fama da tabarau, sai ya ce masa ya dawo da yamma ya ara masa ido na kwana biyu. A gida ma Mama ba ta wahalar da kanta, in za ta yi ɗinkin hannu sai ta jira shi ya zura mata. Da haka muka tashi. A gidanmu in an ce wane idonsa ƙalau, abin da ake nufi shi ne yana zura allura.

Ni ce 'yarsa ta fari. Koyarwa nake yi a firamare, kuma halin ajin nan ya bi ni har gida, domin ba na iya ganin abu a karkace in yi shiru. Ƙannena Alƙaliya suke ce min, ba don yabo ba. Baba shi kaɗai ke ce min Uwata, kuma in na yanke magana ba ya musu, sai ya yi dariya ya ce wanda ya kai 'yarsa makaranta ai shi ya jawo wa kansa.

Ni na saya masa wayar. Ƙaramarsa mai madannai ta mutu, na ce tunda abin ya zo da haka bari ya riƙe babba, teloli su riƙa turo masa hoton abin da ya karye, ya kuma riƙa ganin jikokinsa na wajen ƙanena da ke aiki nesa. A shagon mai waya aka yi ta fama. Wayar ta ƙi karɓar yatsansa sam, saboda mai da ƙarfe sun shafe zanen yatsun nan tuntuni. Lambar sirri kuma kafin mu fito ƙofa ya manta ta. Sai mai wayar ya ce to a sa masa ta fuska, ya ɗaga ta kawai ya kalle ta, ta buɗe.

Wayyo Baba da murna. Ya ce wannan ita ce wayar da ta san ubangidanta. Sau hamsin zai buɗe ta a yini ba don komai ba sai don ya nuna wa mutane. Ya gwada ta da hula, ya gwada ba hula, ya murtuƙe fuska ya gwada, ya shiga sito inda ba taga ya gwada, duk ta gane shi. Ya miƙa wa maƙwabciyarsa tela ta kalla, ta ƙi buɗewa, ya yi ta dariya har da tari. Mama ta ce ita shekara arba'in da biyar tana kallon fuskar nan, ko ƙofar kicin ba ta taɓa buɗe mata ba. Ni kuwa sai hura hanci nake, na yi wa ubana abin da ya ji daɗi.

Bayan kamar wata biyar, wata Asabar na je gida, domin duk Asabar can nake wuni, sai na tarar da shi da ƙulu a goshi. Ya ce bakin ƙofar shago ne ya buge shi. Ƙofar da ya yi shekara arba'in yana shiga! Da na matsa masa da tambaya sai ya ce kwana biyun nan idonsa na yi masa nauyi, in ya kalli ƙwan lantarki yakan ga wani zobe kewaye da shi. Ya faɗa ne a tsaitsaye, kamar mai ba da labarin wani. Mama ta ce a kai shi asibitin ido a duba. Na ce to, za a sa rana.

Ranar ce ba a sa ba, kuma ga dalili. A cikin satin nan wata abokiyar aikina ta turo saƙon murya a guruf ɗinmu na malamai. Wani mutum ne da ban san shi ba, murya a natse irin ta masana, yana cewa wayoyin da ake buɗewa da fuska suna harba wani haske da ido ba ya gani, kai tsaye cikin ƙwayar ido, kuma tunda ba a ganinsa ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa, a hankali yake ƙona shi. Ya ce wanda bai yarda ba ya ɗauki wata wayar ya haska kyamara a kan mai buɗewar, zai gani. Ina tsaye a bakin aji na fara lissafi. Sau hamsin a yini, wata biyar.

Ana tashi ban je gidana ba, shago na wuce. Na ja Baba cikin sito, na ce ya buɗe wayarsa, na saita tawa a kanta. Ai kuwa sai ga shi. A saman wayar wani ɗan haske mai ruwan hoda yana ƙyaf-ƙyaf a cikin kyamarata, in na ɗaga kai na duba da idona kuma babu komai. Ban tsaya na tambayi kaina ko hasken nan yana da ƙarfin cutar da ko sauro ba. Na ga haske, an ce akwai haske, shi ke nan shari'a ta ƙare. Na fashe da kuka a gaban ubana, ina cewa ni na jawo, da hannuna na saya masa abin da zai makantar da shi. Ya rasa yadda zai yi da ni. Yana ta goge hannu a tsumma yana cewa in yi haƙuri, kamar shi ya yi laifin.

A take na karɓe wayar, na samo masa mai madannai. Da Mama ta sake tayar da maganar asibiti sai na hau ta da bayani, irin wanda nake yi wa 'yan aji uku. Na ce ciwon da aka san sanadinsa ai an gama da shi, mun cire abin da ke ƙona idon, saura ya huta ya warke. Me za a je a wuni a layi a yi, a ɗiga masa magani ya kwana biyu ba ya gani, aikin mutane na jira? Mama ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba. Na ce mata hankali ba shi ne ilimi ba. Allah ya yafe min wannan maganar. Ba ta ƙara tayar da zancen asibiti ba sai sau ɗaya, shi ma na kashe bakinta.

Yanzu da nake da lokacin tunani, na san abin da ya sa na kafe. Ina son laifin ya zama na wayar, don in na wayar ne, to nawa ne, kuma in nawa ne zan iya gyara shi da hannuna, ba sai wani ya ji ba. Ni na ɓata, ni zan gyara. In muka je asibiti, sai in tsaya gaban likita in ce ni ce malamar da ta saya wa ubanta makanta. Kunyar wannan na guda. Ban san ina gudun ba a lokacin, amma rashin sani bai rage komai daga abin da ya biyo baya ba.

Sai na ƙirƙiro gwaji. Duk Asabar in na zo, bayan an ci abinci, sai in zaunar da shi a tsakar gida inda haske yake, in ba shi allura da zare. Ba kowace allura ba, 'yar siririyar nan ta ɗinkin siliki wadda ni kaina sai na yi sau uku kafin in samu. Baba zai karɓa, ya laƙaci bakin zaren, ya ɗaga, zuruf, sau ɗaya. Sai in tafa, in juya wajen Mama in ce kin gani ko? Wanda idonsa ke lalacewa zai yi wannan? Har littafi na buɗe, ina rubuta kwanan wata da alamar daidai, jan biro da komai, kamar rajistar aji. In na tambaye shi nauyin idon fa, sai ya ce da sauƙi, Uwata, da sauƙi sosai. Wata goma sha ɗaya muna haka, ba Asabar ɗin da ya faɗi.

Alamu kuwa ba wanda bai zo ba. Ya kifar da kofin shayi da gwiwar hannu ya ce santsin tebur ne. Ya taka wutsiyar kyanwa sau biyu a yini ɗaya. Ya daina hawa kekensa na zuwa shago, ya ce ƙafa ta fi lafiya ga tsoho. Wata rana maƙwabciyarsa tela ta tare ni a hanya, mace ce mai faɗar gaskiya ko da ɗaci, ta ce 'yar nan, babanki lafiya kuwa? Ta ce ta tsaya a gefensa da kan keke a hannu har hannunta ya gaji, bai san tana wurin ba sai da ta yi magana, ya zabura. Ta ce mutane sun fara cewa Mai Keke ya yi girman kai, a gaishe shi da hannu daga tsallaken titi ya wuce. Na ce mata tsufa ne da yawan tunani, idonsa kam garau, jiya-jiya ya zura allurar siliki a gabana. Ta ce to, Allah ya sa. Har haushinta na ji, na ce a raina mutane ba su da aiki sai sa ido.

Abin da ya kawo ƙarshen taurin kaina mai babur ne. Da rana tsaka, a titin da ba cunkoso, Baba ya sa ƙafa zai tsallaka, babur ya fito ta hagunsa ya kwashe shi. Allah ya taƙaita, hannu ne ya tsage sai ƙugu da ya bugu. Mai babur ɗin yana rantsuwa yana cewa tun daga nesa yake ganin tsohon, ya ɗauka shi ma ya gan shi, don fuskarsa a buɗe take ba abin da ya tare shi. A wurin ɗinkin hannun, ma'aikaciyar jinyar ta miƙo masa ruwa ta gefe, bai karɓa ba. Ta matso da kofin gabansa ya karɓa har da godiya. Ta sake gwadawa da yatsunta, sannan ta kira ni waje ta ce gobe-gobe a kai shi wajen likitan ido, kada a ƙara kwana.

Mu uku muka je, ni da shi da Mama. Aka auna, aka ɗiga magani, aka sa kansa cikin wata na'ura aka ba shi abin dannawa, aka ce duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna. Ina zaune a bayansa ina jira in ji ƙarar dannawar. Sai a daɗe shiru, sannan ɗaya. A daɗe, sannan ɗaya.

Likitar ba ta da yawan magana. Ta ce hawan jinin ido ne, ruwan cikin ido ne ke taruwa yana danne jijiyar gani. Ta ce ciwon daga gefe yake fara ci, yana matsowa a hankali, tsakiya ce ƙarshen abin da yake taɓawa. Na hagu ya riga ya tafi kusan duka. Na dama saura tsakiyarsa, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ni da bakina da ba ya mutuwa na ce amma likita yana zura allura fa. Ta ce eh, zai zura, mai wannan ciwon yana iya zura allura alhali bai ga motar da ke gefensa ba. Na ciro wayar daga jaka, don na taho da ita a matsayin shaida, na fara ba ta labarin hasken. Ta saurare ni har na gama. Ta ce hasken yana nan, gaskiya ne, amma ita a aikinta ba ta taɓa ganin wanda ya kawo masa wannan ciwon ba, kuma abin da take gani a idon Baba ya girmi wayar. Sannan ta faɗi wadda ban manta ba har yau. Abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya tsare abin da ya rage, shi ya sa ake son a zo da wuri.

Ta juya ta tambayi Baba tun yaushe ya fara lura.

"Bai fi wata biyu ba," in ji shi.

"Shekara guda ne, likita," na ce. "Sun ce a zo, ni na hana."

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta rubuta magani ta ce safe da yamma har iyakar rai, kada a tsallake ko sau ɗaya. Na tambaye ta da mun zo bara fa? Ta ce ba ta iya rantsewa a kan abin da ya wuce, amma da akwai abin tsarewa fiye da wannan.

Na zaunar da su a benci a barandar asibitin na tafi karɓo magani. Layin bai yi tsawo ba, na dawo da wuri, kuma ta ƙofar gefe na fito, wato ta hagunsa. Ina isowa na ji yana yi wa Mama magana ƙasa-ƙasa, sai na tsaya. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa. Mama ta ɗago ta gan ni, ta mayar da idonta kansa.

"Ki ja mata kunne ta daina cewa ita ta hana," yake cewa. "Ni na san yana rufewa. Tun kafin a zo ga maganar babur, duk wata sai na ji ɗakin ya ƙara matsewa."

Mama ta ce to me ya hana shi faɗa, shi da ba yaro ba.

"Ba ki ga kukan da ta yi a sito ba. In na ce yana ƙaruwa, cewa za ta yi wayarta ta gama da ni, ta ɗauki wannan ta kai kabari. Ranar Asabar in na zura allurar nan sai in ga fuskarta ta washe. To da wane bakin zan ce mata ba na ganin wanda ke zaune kusa da ita?" Ya gyara zaman hannunsa mai bandeji. "Kada ki gaya mata na faɗi haka."

Ina tsaye da ledar magani a hannu, hawaye na zuba har cikin wuyan rigata, ubana na kallon gabansa bai san ina wurin ba. Ashe duk Asabar ɗin nan ba idonsa nake gwadawa ba, shi ne yake lallashina, yana biya da abin da ba shi da madadi. Na so in durƙusa in riƙe ƙafarsa. Amma ya ɓatar da ido ɗaya da rabi don kada in ji wannan maganar, ban ga yadda zan nuna masa cewa a banza ya yi ba.

Na ja da baya a hankali, na koma ta ƙofar da na fito, na zaga ta bayan ginin. Na tsaya a famfo na wanke fuska. Sannan na biyo ta tsakiyar baranda, ta gabansa sosai, ina jan takalmi a ƙasa don ya ji. Sai da na zo daf ya gane ni, ya yi murmushi.

"Uwata, an samu maganin?"

Na ce an samu, Baba, ɗaga kanka in ɗiga maka na farko.